Hoton Inna Da Na Ajiye A Gindin Waya

Yatsansa ya kusa sauka bisa gilashin wayar na cafke masa hannu. Na ce, "Kai, mi za ka yi?"

Ya ce, "Gwaggo, shafukan nan zan rufe duka. Su suka cika miki waya."

Na ce, "In ka rufe su, yau sai an raba ni da kai cikin kasuwar nan. Uwata na ciki."

Ya sauke tabaraunsa ya dube ni. Mutum ne magidanci, har furfura ta fara masa a gemu, kuma duk Yelwa an san shi da gyaran waya, amma na ga alama bai taɓa jin an ce masa uwar wani na cikin waya ba. Wagga rana ko ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta ta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna, tunda Allah Ya sa na iya, ko da yake sai da haƙora suka fara zuba na koya.

Ni a gungu aka haife ni, wato tsibiri cikin kogi. Ina ƙarama ruwan dam ya taso ya ci garinmu, aka kwashe mu aka kai tudu. Ba mu jima da tashi ba Inna ta rasu. Ba ta bar hoto ba, don a lokacin wa ya san hoto a gungu? Mu biyu muka rage, ni da Yayata da ke aure a Wara. Ni kuwa bandar kifi na yi tun ƙuruciya har hayaƙi ya cinye mini ido rabi, sannan aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu na shiga, mata na dariya wai tsohuwa da allo. Da na fara haɗa baƙi, ɗiyata ta sayo mini babbar waya. Ta nuna mini wurin da ake shiga a yi bincike, burauza suke ce masa, ta ce in rubuta duk abin da nake so zai fito.

Ai kuwa na rubuta. Maganin ciwon guiwa, tafsiri, yadda mutanen wasu ƙasashe ke bandar kifi, har da abin da bai dame ni ba. Kowane bincike shafinsa daban, kuma ban taɓa rufe ko ɗaya ba. A ganina rufewa zubarwa ce, mu kuwa ko ƙayar kifi ba mu saba zubarwa haka nan ba. Akwai wani ɗan akwati a sama da ke ƙirga shafukan. Ya tafi ashirin, ya tafi saba'in, wata rana sai lamba ta ɓace, wata 'yar fuska mai murmushi ta fito a wurin. Na ce to, wayar ma ta yaba da ƙoƙarina.

Cikin binciken nan ne wata rana na rubuta sunan garinmu na da. Sai ga wani shafi da wani ɗan boko ya tara tsofaffin hotuna na kafin ruwa. Na farko a sama, bakin ruwan gungunmu ne. Na gane tsamiyar, na gane dutsen da ake wanki. Ga mata tsaye suna jiran jirgi, ga wata daga gefe da kwando. Na ja hoton da yatsu biyu ya girma, na ga fuskar sarai. Inna ce. Shekara hamsin da wani abu ban gan ta ba, ga ta tana duban ruwa kamar jiya muka rabu.

Ranar na kira Yaya. Ita ƙaramar waya gare ta mai tocila, ba ta nuna hoto. Na ce, "Yaya, na ga Inna." Ta ce, "A mafarki?" Na ce, "A waya." Ta ce, "To kawo mini ita." Na ce ina nan tafe.

Nan fa na yi wautar da ta kawo wanga labari. Mu yadda muka tashi, abin da kake ji da shi ba ka yawan taɓa shi. Zanen aure, ƙwaryar da uwa ta bar maka, can ƙasan adudu ake sa su, a ɗora tarkace bisa, sai ranar buƙata. Haka na yi da hoton Inna. Na bar shafinsa can ƙasa, na ci gaba da buɗe wasu a kansa. In kewarta ta kama ni, sai in gangara in leƙi ɗan ƙaramin hoton da ke nuna shafin, wanda bai fi babban yatsa ba, in dawo. Ban ƙara shiga ciki ba. Tsoro nake kada yawan buɗewa ya koɗar da shi. Kuma ban tambayi ɗiyata ba, don ina jin kaina na zama malama.

Damina ta shigo, hanya ta lalace, guiwa ta tasa ni gaba, yau in ce gobe, gobe in ce jibi. Har wata bakwai. Sai aka aiko cewa Yaya na kwance, ta daina cin abinci sai kunu. Na shirya tafiya washegari, na ɗauko waya in duba kayana, sai ta ƙi. In na taɓa burauza sai ta tsaya cik, ta yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, can ta koro ni waje. Shi ne na hau kabukabu na nufi rumfar mai gyara.

Da na gama ba shi labari, sai ya ajiye wayar bisa tebur a hankali, ya janye hannunsa gaba ɗaya. Ya ce, "Gwaggo, kin ajiye hoton cikin wayar?"

Na ce, "Ga shi nan ciki kana gani."

Ya ce, "A'a, kin danna shi kin ce a ajiye?"

Na ce, "Wa zan ce wa?"

Ya shafa gemu. Ya ce shi ma ɗan masunta ne, don haka zai yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce waya wuri biyu gare ta. Akwai sito, inda abin da ka ajiye ke zama ko an kashe waya. Akwai kuma wani ɗan wuri da suke kira ram, nan ake ɗora abin da ake aiki da shi yanzu yanzu. Ya ce, "Shi ram ɗin ki ɗauke shi jirgin fito ne. Naki kuma ƙaramin kwalekwale ne, ba babban jirgi ba. Duk shafin da kika buɗe kaya ne kika ɗora. Burauza kuwa fasinja ce mai son wuri, ita kaɗai sai ta cinye rabin jirgi."

Na ce, "To wane sakarai ne ke lodin har ya cika?"

Ya yi dariya. "Kin taɓa ganin mai jirgi ya tashi da wuri a buɗe ranar kasuwa? Wurin da ba kaya asara ne. Cikin wayar akwai mai jirgi, shi ke raba wuri. Yana lodi da gangan don aiki ya yi sauri. Amma ba ya yarda a nutse. In sabon kaya ya zo babu wuri, sai ya duba wane kaya ne aka fi jimawa ba a tambaya ba, ya sauke shi."

Na ce, "Ya kai sito ke nan."

Ya ce, "Shafin intanet ba ya zuwa sito, Gwaggo. Sauke shi yake yi, ya riƙe adireshin inda aka samo shi da ɗan hoton nan na shaida. Ranar da kika tambaya sai ya koma can ya ɗauko sabo."

Sai da na ɗan jima kafin maganar ta zauna mini. Wato wanda na fi so, wanda na ƙi taɓawa don kada ya lalace, shi mai jirgin ya fara saukewa. Maganin guiwa da nake buɗewa kullum yana zaune daram, uwata kuwa an sauke ta tun watannin baya. Ni ina ta leƙen murfin adudu, ashe ciki wayam.

Na ce, "To ya koma ya ɗauko mana."

Ya ce, "In mai shafin bai rushe shi ba, zai dawo. In ya rushe, muna dannawa ko ɗan ƙaramin nan zai tafi, don wayar za ta musanya shi da abin da ta tarar. Shi ya sa ba zan taɓa ba tukuna."

Ya kashe wayar ya kunna, ya kori duk wasu abubuwan da ke cin wuri ta baya, ya bari ta huce. Wata mata ta zo da wayarta ta faɗa ruwa, ya ce ta dawo bayan la'asar. Ta ce, "Mallam, ni ma kuɗi zan biya." Na ce, "Ɗiyata, taki waya ce ta jiƙe, ni uwata ce a bakin ruwa. Yi haƙuri." Ta dube ni ta tafi, ina jin ta ɗauka na taɓu.

Ya buɗe jerin shafukan, muka yi ta gangarawa. Kifi, tafsiri, guiwa, guiwa, guiwa. Ya ce, "Gwaggo, wagga guiwa ta sha bincike." Na ce, "Kai dai tafi, taka na nan zuwa." Can ƙasa muka same shi. Ya danna maɓalli biyu na gefen wayar lokaci guda, gilashin ya yi walƙiya, ya ce ya ɗauki hoton fuskar wayar, wannan kam ya shiga sito. Ya sake yi har sau uku. Ya tura wa tasa wayar ma. Sannan ya miƙo mini. Ya ce, "Ke za ki danna. Ki yi bisimilla."

Na yi bisimilla na danna. Gilashi ya yi fari. Wani ɗan layi ya fara tafiya a sama, ya tsaya, ya ƙara gaba. Ban san na riƙe gefen teburinsa ba sai da ƙananan kusoshinsa suka zube ƙasa. Can sai ga rubutun Turanci layi biyu, ba tsamiya, ba dutse, ba kowa. Ni Hausa kaɗai na iya karantawa, amma wannan ban nemi fassara ba.

Ya ce, "Sun rushe shi."

Ya koma jerin, ɗan hoton ma ya zama fari kamar yadda ya faɗa. Ya yi ta bincike da sunan garinmu, da Hausa da Turanci, har aka kira azahar. Babu. Ban yi kuka ba, ni ba mai kukan kasuwa ba ce. Na dai ce masa, "Da na kawo maka tun ranar fa?" Ya ce, "Da dannawa ɗaya ce, Gwaggo." Na so ya yi mini ƙarya, bai yi ba.

Sauran shafukan ni na rufe su da hannuna, yana nuna mini. Ya koya mini yadda ake danne hoto a ce a ajiye, ya sa na yi sau biyar a gabansa kamar 'yar aji ɗaya. Wayar ta koma sakayau. Daga nan ya yanko ɗan hoton daga cikin wanda ya ɗauka ɗazu, ya raka ni shagon masu wanke hoto da kansa, aka fitar mini da shi a takarda. Da aka girmama shi sai ya zama dishi-dishi, kamar ana kallon mutane ta cikin hayaƙin banda. Fuskar da na gani sarai ta tafi. Ni kaɗai na gan ta, kuma na hana 'yar'uwata da hannuna. Tun ranar na san abin da kake so ba a ƙasan adudu ake barinsa ba, taɓa shi ake yi, a yi ta tambayarsa, in ba haka ba wani zai ɗauka ba ka buƙata.

Washegari na isa Wara da hantsi. Na tarar da Yaya kwance bisa tabarma, ta rame har na ji tsoro. Ta buɗe ido ta ce, "Wa nake gani? Shekara biyu sai da kika sami hoto kika tuna hanya?"

Na ce, "Guiwa ce, Yaya."

Ta ce, "Guiwar da ke kai ki kasuwa kullum? Miƙo mini uwata."

Na ba ta takardar, na fara bayanin jirgi da mai jirgi, ta ce in rufe mata baki. Aka tayar da ita zaune. Ta kai takardar kusa da ido, ta nisanta, ta juya ta wajen hasken ƙofa. Ta jima.

Ta ce, "Babu fuska."

Na ce, "Babu. Laifina ne."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki? Dubi ƙafar." Ta ɗora yatsa. Matar da ke gefe cikin hoton tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta ɗora tafin ɗayar bisa guiwa. Ni duk kallon da na yi, fuska na tsaya kallo, ban lura ba. Yaya ta ce, "Duk gungu ita kaɗai ke jiran jirgi haka, kamar zalɓe. Baba ya yi faɗa har ya gaji."

Na nuna wani ɗan baƙi da ke jingine da zaninta, na ce, "Wannan kuma ni ce."

Ta ce, "Ke a wa? Ni ce nan. Ke ga ki can." Ta nuna wani ƙullutu a bayan Inna wanda na ɗauka kaya ne. "Tun ran nan nauyi gare ki."

Na miƙa hannu in karɓa in duba da kyau, ta buge mini hannu, ta tura takardar ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Ke kin iya ajiya ne? A kawo mini kunu."