Ranar da Helma Ya Biyo Ni Illela

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Tanko ya sauka daga kan babur a ƙofar gidanmu a Illela ba, wata Litinin cikin damina, wandonsa duk laka.

A lokacin ni ne mai ba jiragen ƙasa hanya a tasharmu. Ba jirgin da zai tashi sai na tabbatar layi a buɗe yake. Malam Tanko kuwa helman leburorin gyaran layi ne, kuma shugaban reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Gaskiya na raina ƙungiyar nan. Ni mai ofis da fanka, me zai kai ni taron masu diga da shebur?

Abin da ya faru shi ne na tsare wani jirgi awa biyu. Leburori suna gyaran kwalbatin da ruwa ya ci, kuma a ƙa'ida sai helma ya bugo waya cewa sun janye kafin in saki jirgi. Ashe akwai wani babba a jirgin. Washegari aka dakatar da ni, aka ce in bayyana gaban kwamiti. Zuciya ta ɗebe ni, na tattara na taho gida, garin da ko kukan jirgi ba a taɓa ji ba.

Da na gan shi a ƙofar gida, na ce, "Malam, mi yak kawo ka garinmu?"

"Kai na zo ɗauka. Jibi kwamiti zai zauna. In ba ka je ba, za a rubuta ka gudu daga aiki, shekarunka sha tara sun tafi ke nan."

"Ni da ban taɓa zuwa taronku ba?"

"Ba rajista na zo dubawa ba. Sa takalminka."

Doka ta yarda ma'aikaci ya shiga kwamiti da wakilin ƙungiya ɗaya. Muna shiga, Malam Tanko ya roƙi shugaban kwamiti ya leƙa ta taga. Leburori tara ne tsaye cikin yayyafi.

Malam Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, su ne ke kan kwalbatin ran nan. A nuna mana wanda ya kamata jirgi ya taka don kada a makara."

A ranar aka mayar da ni bakin aiki.

Da na fito suka yi ta miƙo min hannu. Kunya ta rufe ni, don ban san sunan ko ɗayansu ba. Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani mai tebur yana tsare ran mai shebur, mai shebur kuma shi zai tsaya masa ran da ta ɓaci. Taro na gaba ni na fara isa, ni na jera benci.