Buhun Yashin Gudaji

Gudaji taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka a ka'ida bawana ne, kuma tun muna yara nake tuna masa da hakan safe da yamma. Ni Ilu na tsaya a aji huɗu na firamare, shi kuwa ko ƙofar ajin bai taɓa leƙawa ba, don an ce ranar da aka kai shi wuyansa ya ƙi shiga. Wuyan Gudaji, in ba ka gan shi ba, ka ɗauki turmi ka ɗora masa hula.

Da wannan wuya ya ci abinci. Ɗan dako ne a siton gyaɗa na Gagarawa Tasha, wani dogon gini mai rufin kwano da kamfani ya kafa tsakanin layin dogo da kududdufin bayan tasha. Lokacin kaka, mutum biyu su ɗaga buhu su kifa masa a ka, ya hau katako da gudu ya jefa cikin tarago yana waƙa. Ni dai na sha faɗa a kasuwar Maigatari cewa rabin man gyaɗar da Turawa suka sha ta kan Gudaji ya bi, kuma har yau ba wanda ya kawo shaidar ƙarya nake. A jikin siton akwai wani ɗan ɗaki, nan yake zaune da matarsa Kande, nan aka haifi 'ya'yansu.

Sai fari ya zo. Bayan fari aka samu ciwon nan da ya nannaɗe ganyen gyaɗa, manoma suka koma gero da wake. Kamfani ya kwashe sikelinsa ya tafi ko sallama babu. Siton ya zama na jemagu. Gudaji ya koma dakon kayan fasinja, yau akwai, gobe sai dai ya zauna yana kallon ƙarfen jirgi.

A shekarar saba'in da shida wani jami'in al'adu ya iso daga birni, Malam Mika'ilu, da tabarau da takalmi mai ƙara. Ya zagaya siton ya ce ai wannan dukiya ce. Aka kori jemagu, aka shafa farar ƙasa, aka jera bencina, aka yi dandamali a inda sikeli yake da. Sannan aka rubuta a bango: Zauren Al'adu na Bakin Ruwa. Ruwan da ake nufi shi ne kududdufin nan da jakuna ke shiga bai kai musu gwiwa ba.

Malam Mika'ilu ya ce zauren na buƙatar mai gadi guda, da kakinsa da kulkinsa, kuma ɗakin nan na mai gadi ne. Masu nema biyu ne, Gudaji da tsohon abokin dakonsa Dogo. Ranar buɗewa za a yi dambe da kalangu, kuma za a nuna wa manyan baƙi yadda ake lodin gyaɗa a da.

"Wanda ya fi burge baƙi a cikinku shi zan ba," in ji shi.

Gudaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ina gyaɗar?"

"Wace gyaɗa, Baba? Ƙaiƙayi za a cusa a buhu. Wasa ne. Ka dai yi nishi kamar da nauyi."

Da yamma na same shi a ƙofar ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Bawana, ka ci sa'a. Allah ya kawo zamanin da ake ba mutum aiki don ya yi nishi. Kai da ko tuwo za ka haɗiya sai an ji ka a Sule Tankarkar."

Ya ce, "Ilu, kai ɗan banza ne, ba ka san dako ba. Wa zai zauna a bencin nan? Duk wanda na yi lodi da shi yana nan. Ɗan dako daga tafiya yake gane kaya. Ƙafata ta taka katakon nan, katako bai lanƙwasa ba, me zan ce musu gobe a tasha?"

"Ka ce musu ga kakina."

Kande ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Gaya masa dai, Ilu. Malam, ɗakin nan nake ji. Ka ɗauki ƙaiƙayin, in ma auduga suka ce ka ɗauka."

Ashe da hantsi ranar bikin Gudaji ya ja buhunsa zuwa bakin kududdufi, ya zazzage ƙaiƙayin, ya ɗura yashi. Yashin ma mai laima. Duk wanda ya san kaya ya san buhun yashi ya ninka na gyaɗa, shi ma ya sani. Abin da ya manta shi ne shekara uku rabonsa da lodi, kuma cikin shekarun nan ba kullum ake ɗora tukunya a gidansa ba.

Zauren ya cika har da na kan taga. Dogo ya fara. Aka ɗora masa ƙaiƙayi, ya yi tangal-tangal, ya zare ido, ya yi wani nishi da ya sa wata baƙuwa ta dafe ƙirji. Wallahi ko naƙuda albarka. Baƙi suka tafa, tsofaffin 'yan dako suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa.

Sai Gudaji. Mutum biyun da za su ɗaga suka kama buhu suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Gudaji, mene ne wannan?" Ya ce, "Ku ɗora." Suka kira na uku. Buhu ya sauka a kansa, bai yi nishi ba, bai yi tangaɗi ba, ya ɗauki waƙarsa ta da, ya taka katako. Katako ya lanƙwasa. Bencin 'yan dako ya miƙe tsaye gaba ɗaya, ana "Sai kai, na Kande!" Baƙi kuwa ba su ga komai ba, mutum ne dai ɗauke da buhu yana tafiya, wani ma agogonsa yake dubawa.

A tsakiyar katako na ji ƙarar. Ni mai ƙara wa magana gishiri ne, kowa ya sani, amma wannan ba na ƙara komai: kamar an karya kara ne. Ya durƙusa, buhu ya fashe, yashi ya watsu har kan takalman da ke sahun gaba. Wasu suka tafa, sun zaci cikin wasan ne. Malam Mika'ilu ya yi wa masu kalangu hannu su ci gaba, aka fitar da Gudaji ta ƙofar baya.

Mai ɗori ya zo daga Gumel, ya lalluba gadon bayan ya ce wannan ba tasa ba ce. Ƙafafun ba su sake ɗaukar mai su ba. Kafin sati ya zagayo Dogo ya sa kaki. Don Allah ban ga laifinsa ba, shi ma da iyali. Malam Mika'ilu ya aiko da sannu, tare da cewa a taimaka a ba mai gadi ɗakinsa kafin ƙarshen wata. Yayan Kande ya zo da amalanken shanu ya kwashe su zuwa ƙauyensu wajen Sule Tankarkar.

Can na je duba shi bayan damina, na tarar da Dogo ya riga ni, yana tsugune yana murza hula. An aiko shi ne. Wai ana jera kayan tarihi a bangon zauren, ana son gammon Gudaji, wato naɗin tsumman da yake sawa a ka, a rataye don baƙi su gani.

Gudaji yana kwance yana kallon rufi. Ya ce, "Kande, ba shi."

Kande ta ce, "Da shi nake ɗauko tulun ruwa. Wa zai ɗebo mana, in ba ni ba? Dogo, ka ce wa maigidanka ana amfani da shi."

Dogo ya tashi ya kaɗe kakinsa ya tafi. Ita kuma ta ɗauki gammon ta ɗora a ka, ta nufi rijiya.