Tsamiyar Kan Dutsen Inna Atika

Muntaka mai zuma mutumin wani ƙauye ne kusa da Ruma. Ba shi da yawan magana, kuma masu sayen zumarsa a kasuwar Batsari sun shaide shi ba ya algus. A kan dutsen wata tsohuwa, Inna Atika, yake rataye amyar ƙudan zumarsa.

Dutsen da kurmin da ke kansa gadon mijinta ne. Babur ba ya hawa. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa, mutum na ɗauke da ruwansa da garinsa. Muntaka kan kwana biyu a can, cikin bukkar busassun rassa. Abu biyu tsohuwar ta gindaya masa: kada ya sari ɗanyen icce, kuma in zai sauko ya tsinko mata tsamiya daga babbar bishiyar da marigayi kan huta a gindinta. Da ita take kunun azumi.

Wata shekara ƙudan zuma suka shiga kogon tsamiyar. Muntaka ya kunna ciyawa ya yi masu hayaƙi, ya kwashe saƙa. Ruwan jarkarsa ya yi ƙasa, ga doguwar gangara a gaba, sai ya tura ƙasa bakin kogon da ƙafa, bai zuba ruwa ba. Da ya koma bayan mako biyu, baƙin kututture ya tarar.

Bai faɗa ba. Ya sayi tsamiya a kasuwa, ya zuba a tsohon buhunsa ya kai mata. Ta karɓa, ta sa masa albarka. Haka ya yi shekara uku. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, hawa ya gagara, sai ya ji wani sauƙi a ransa wanda ko matarsa bai iya gaya wa ba.

Shekarar da aka ɗan samu lafawa, jikan Inna Atika, Nurain, ma'aikaci a Katsina, ya zo da abokansa biyu da tantinsu, suna son kwana a dutsen. Muntaka aka kira ya yi jagora.

"Maigidana," in ji tsohuwar, "ka ɗauko mani hoton tsamiyar kakanka a wayar nan taka."

Nurain ya yi dariya. "Ke tsohuwa, ga sabon miji a gabanki, kina ta cigiyar tsoho?"

Kowa ya dara, ban da Muntaka.

Mutumin da samari ba su iya kamo shi a hawa, ran nan shi ne a baya. Sau uku yana tsayawa gyaran takalmi. Ya bi da su ta doguwar hanya, amma dai suka isa. Suna kafa tanti Nurain ya hangi kututturen, ya daɗe a tsaye.

"Baba Muntaka, tsawa ce ta faɗa mata?"

Muntaka ya dubi ƙasa. Da ya ce e, da magana ta ƙare.

"Ba tsawa ba ce. Kada ka ɗauki hoton, Nurain. Da bakina za ta ji."

Washegari da la'asar ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta. Ya faɗi komai, har ruwan da ya yi rowarsa.

Inna Atika ta ci gaba da jan tazbaha, can ta ce, "Tun kunun farko na sani. Ta kasuwa tsami kawai gare ta."

"Inna, me ya hana ki magana?"

"Kai nake jira, Muntaka. Ka daɗe."

Ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin katifa ta tura masa. 'Ya'yan tsamiya ne, na ƙarshen da ya kawo mata daga dutsen.

"Bana kada ka kawo mani komai."

Tun daga nan, in Muntaka zai hau, jarka biyu yake ɗauka, ɗaya tasa, ɗaya ta tsamiyar da ya shuka a gefen kututturen. In an tambaye shi a hanya, sai ya gyara kayansa ya wuce.