Hotunan Shanun da Na Sa Baffa Ya Goge

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni da sun karanta za su gane ni. A lokacin da abin nan ya faru, ni ne idon gidanmu a kan duk abin da ya shafi waya. Ina da ɗan shagon caji da tura karatu a memori a cikin garin Batsari, rugarmu kuwa tana gefen Wagini. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙaninsa ne ya riƙe ni. Shi ya sa ni makaranta har na gama sakandare, shi ya kiwata mini 'yan shanun gadona a cikin garkensa har suka kai tara. Baffa ba ya danna komai a waya sai ya tambaye ni. Ko saƙo ne ya shigo, ajiye shi yake yi har ranar Juma'a in zo in karanta masa. Wallahi ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda nake nunawa.

Duk mai kiwo a yankinmu ya san abin da ya sa muka koma ɗaukar shanu hoto. Idan ɓarayin daji suka kore garke, wani lokaci Allah kan sa a ƙwato wasu, to a nan rigima take. Saniya ɗaya sai mutum uku su ce tasu ce, kowa da shaidunsa, ga kunne an sake tsagawa, ga shaidar wuta an bi ta da wata wutar. Shi ya sa dattawa suka ce kowa ya tsaya kusa da dabbarsa a ɗauke su tare, a ga ƙaho, a ga launi, a ga fuskar mai ita. Ni na ɗauki na Baffa ɗaya bayan ɗaya a wayarsa, na ɗauki nawa a tawa.

Ana nan sai ɗan Baffa na cikinsa ya dawo hutu daga karatun kwamfuta a Katsina. Na girme shi da shekara shida, ni na koya masa yadda ake kunna waya. Ya duba aikin da na yi, ya ce ya yi kyau, amma akwai gyara: ɓarawon da zai kore saniya ai waya yake fara karɓa, hoton da ke cikinta kuwa tare za su tafi. Ya ce akwai kamfanonin da ke ba mutum rumbun ajiya a intanet, ka ɗora hotunanka da takardunka, ko wayar ta faɗa rijiya kana sayen wata za ka sauke abinka. Nan take ya buɗe wa Baffa, ya ɗora masa hotunan. Bayan sallar Juma'a Baffa ya tsaya a ƙofar masallaci yana ba mutane labari, har yana cewa karatun yaron nan ya yi rana. Ina tsaye a gefensa ina murmushin yaƙe. Shekara nawa ina hidimar wayar nan bai taɓa yabona a gaban jama'a ba. Satin nan mutum huɗu suka wuce shagona suka tafi ruga neman ƙanin nawa. Hassada ce ta kama ni, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Amma Baffa mutum ne mai taka-tsantsan. Ya kira ni gefe ya ce ardo da sauran makiyaya suna son shiga abin, sai dai ba zai ba su baki ba sai na bincika masa, domin ƙanina yaro ne, ni kuwa na san mutane. Ya ba ni sati biyu.

Kuma na bincika, tsakani da Allah na bincika, don ina neman aibin da zan kama. Na buɗe nawa rumbun, na ɗora hotunan shanuna. Na goge su daga wayata, na ari wayar wani abokina na shiga da kalmar sirrina, sai ga su nan reras. Na ba abokin sunan da na yi rajista da shi na ce ya gwada shiga ba tare da kalmar ba, ya yi ta fama bai samu hanya ba, ni kuwa saƙo ya shigo layina cewa wani yana taɓa mini ƙofa. Aibin da na samu ƙanana ne. Yana cin data, a ruga sabis ba ya isa sai an shigo gari ko an hau tudu, wurin da suke bayarwa kyauta idan ya cika sai ka biya a ƙara maka, kuma wanda ya manta kalmar sirrinsa ya yar da layinsa zai sha wahala. Ban da wannan, abu ne mai kyau. Har na bar nawa a kunne, duk hoton da na ɗauka yana hawa da kansa.

Ranar da zan ba da amsa, Baffa da ardo da wasu dattawa uku suna zaune a kan tabarma, ƙanina yana rakuɓe a gefe. Ban faɗi ko ɗaya daga cikin abin da na gani ba. Na gyara murya na ce abin yana aiki, amma su sani duk hoton da ya hau intanet ya fita daga hannun mai shi, kuma masu kai wa ɓarayin daji rahoto yanzu da waya suke aiki, suna iya zama a ɗaki su ƙirga shanun mutum, su ga fuskarsa, su gane rugarsa. Na san inda na taɓa. A ƙasarmu babu maganar da ke kashe zance kamar wannan. Ƙanina ya fara bayani, Baffa ya ɗaga masa hannu, ya miƙa masa wayar ya ce ya goge komai yanzu a gaban mutane, ya rufe rumbun. Ya goge. Ni kuma na ƙara da cewa memori ya fi, tunda yana hannunka kana ganinsa.

Abin bai tsaya inda na so ba. Kafin sati ya zagayo an fara raɗe-raɗin wai me ya sa yaron ya dage sai an ɗora hotunan shanun mutane, wa ya aiko shi. Na ji maganar a shagona da kunnena, ban tanka ba. Ya koma Katsina hutunsa bai ƙare ba, Sallah biyu bai zo gida ba. Ni kuwa matsayina ya dawo, har ardo ya fara aiko mini da wayarsa.

Wata Juma'a da hantsi, ina ruga, ɓarayin daji suka zo a kan babura. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma sun kwantar da mu a ƙasa, sun bi aljihu ɗaya bayan ɗaya sun kwashe wayoyi, tawa da ta Baffa da memorin da na yaba duk suka tafi, sannan suka kore garken gaba ɗaya. Bayan wata huɗu aka aiko cewa an ƙwato wasu shanu ta wajen Runka, an tara su a wani fili a Safana, mai shaida ya zo. Na ɗauki Baffa a babur muka tafi. Tun daga nesa ya fara gane nasa, sun rame, an sake musu tsaga, amma ya nuna goma sha ɗaya, ni na ga biyar daga cikin nawa. Ya kira wata da sunanta ta ɗago kai. Sai dai wasu mutum biyu su ma sun nuna waɗannan shanun, su ma da shaidunsu. Kwamitin da ke rabon suka ce ba za su zalunci kowa ba, wanda ke da hoto ya kawo, sauran za a ci gaba da tsare su har a gano gaskiya.

Na riga na dawo da layina, na sayi wata wayar, kuma na san abin da ke cikin rumbuna. Kwana biyu ina juya maganar. In na fito da hotunan, kowa ya san tare aka ƙwace mana waya, za a tambaye ni daga ina. In na yi shiru, shanuna biyar sun tafi. Zan so in ce tsoron Allah ne ya sa na fito da su, amma ƙarya na daina: son shanun ne. Na buɗe a gaban kwamiti, ga ni ga dabbobina, har da ranar da aka ɗauka. Aka ba ni biyar ɗina. Wani dattijo a cikinsu yana ta duba hotunan, sai ya tsaya a kan guda. A can gefe, bayan kafaɗata, ga rabin jikin wata jar karsana mai karyayyen ƙaho, Baffa yana riƙe da igiyarta. Da wannan aka ba Baffa ita. Ita kaɗai ya samu cikin goma sha ɗaya, sauran har yau maganarsu tana nan ba ta ƙare ba.

Na goyo Baffa a babur muka dawo gida. Sai da muka sauka ya tambaye ni, a hankali, ko tun ranar da na yi magana a gaban ardo na san abin ba shi da haɗarin da na faɗa. Na ce na sani. Ya ce dukiya ta Allah ce, ya bayar ya karɓa, amma ɗansa da na sa ya wulaƙanta a gaban mutane fa, in je in san yadda zan yi da wannan. Na kira ƙanin nawa na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce ai ya sani. Ranar da zai tafi, da na ba shi wayata ya kira mai babur, ya ga manhajar rumbun tana nan a kunne. Ya yi shiru ne don ba zai iya ƙaryata yayansa a gaban mahaifinsa ba. Wannan maganar ta fi duka zafi a wurina.

Na je wurin ardo na wanke yaron a gaban waɗanda na ɓata shi. Yanzu makiyayan wajenmu da dama suna da rumbunsu, shi ya buɗe musu. Shawarata ga mai karatu, manomi ne kai ko ɗan kasuwa, kada ka bar abin da ba ka da madadinsa a cikin waya kaɗai. Ka ɗora, ka gwada saukewa a wata wayar don ka tabbatar, ka rubuta kalmar sirrinka ka ajiye inda ka amince. Kuma idan za ka sa a bincika maka abu, ka duba tsakanin mai binciken da wanda ya kawo abin, ka ce ya gwada a gabanka. Kai kuma da aka amince da kai, in ka ji zuciyarka tana zafi don an yabi wani, ka ce a ba wani aikin, domin ba kai kaɗai za ka biya ba.

Har yanzu ina zuwa ruga duk Juma'a. Baffa yana amsa gaisuwata, yana tambayar iyalina, jar karsanar nan ma ta haihu. Amma ko saƙo ya shigo muna zaune, ina jin ƙararsa, wayar tana aljihunsa ba ya fito da ita.