Gutsure na huɗu na muryar babana

Jiya ɗana ya aiko mini saƙon murya ta waya. Na danna, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, saƙon ya ƙi sauka. Na duba caji, na fita tsakar gida na ɗaga wayar sama. Ni dai haka nake tun ina yaro, ƙaramin abu sai ya tsaya mini a rai. Ina nan tsaye sai na tuna shekarar da muryar babana ta iso mana a gutsure-gutsure.

Ƙauyenmu yana bayan Barmu. A wancan lokaci da an gama girbi sai maza su tafi bida, wato ci-rani, a bar mata da tsofaffi da mu yara. Waɗanda suka nufi gabar teku sukan aiko da kaset ta hannun masu komawa gida, a taru a zaure a saurara. Babana ya wuce inda kowa ke tsayawa, ya tafi ƙasar da babu mai zuwa daga can. Damina ta wuce, wata ta wuce, ba mu ji muryarsa ba.

Babana ɗan fari ne a wurin kakata. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar labarinsa, ko hirarsa aka ɗauko sai ta tashi ta nemi aiki. Kakata ta riƙe wannan kunyar da gaske. Aikinta ɗinkin ƙwarya ne, tana zama gindin aduwa da basilla da zaren kaba. Amma na lura duk ranar da aka kunna kaset ɗin wani gida, ƙwarya ɗaya take riƙe da ita har la'asar.

Cikin bazara saƙo ya zo cewa baba ya samu wani ɗalibi ɗan ƙasarmu a can, ya ɗauki muryarsa, ya saka a wani zauren intanet inda mutanenmu na waje ke ajiye labarai, sai a je siber, wato shagon intanet, a Tawa a karɓa. Ƙanin babana, wanda muke kira baba ƙarami, ya ce in raka shi, tunda ni ne mai zuwa lakwal, makarantar boko.

Siber ɗin ɗaki ne ƙarami, yana warin robar da ta yi zafi, fanka na juyawa a hankali. Mai siber ya nuna mana allon odinatar, wato kwamfuta. Na zaci zan ji murya, sai na ga haruffa sun cika allon kamar tururuwa, ba Faransanci ba, ba Hausa ba. Na ce ko ta lalace a hanya. Ya yi dariya, ya ce muryar ta yi girma, ƙofar zauren kuwa ƙarama ce, shi ya sa aka mayar da ita haruffa, aka yanka gutsure-gutsure, kowane da lambarsa. Aikinsa ya sauko da su, ya jera na ɗaya kafin na biyu, ya haɗa, sannan injin ya mayar da haruffan murya. Wannan na gane, don na sha ganin kakata tana jera sakaina kafin ta soka basilla.

Saukowar ta ci mana wuni. Wuta ta ɗauke, ta dawo. Da ya zo jerawa sai ya ce na huɗu bai iso ba. Ya haɗa sauran hakanan, ya kunna.

Muryar baba ce, ta ɗan yi kauri. Ya fara gaisuwa yadda ake yi: mai gari, liman, dattawan unguwa. Yana shirin shiga cikin gida sai muryar ta yi tsalle, muka tsinci kanmu a maganar gona da irin hatsi. Gaisuwar 'yan gida duka tana cikin gutsuren da ya ɓace, har da ta kakata.

Baba ƙarami ya ce, "A sa muna a kaset mu tahi, ai mun ji lahiya lau shike."

Na ce a'a. Ban taɓa yi masa musu ba sai ran nan. Na ce in aka kunna a zaure, kaka tana jin an gai da liman ba a gai da ita ba, kuma ba za ta taɓa tambaya ba, za ta haɗiye abin ta zauna da shi.

"Kai dai da tsoro kamar tsohuwar akuya," in ji shi. "Sai mu yi mata bayani."

Na ce ta yaya, tunda ko sunan baba aka ambata tashi take yi? Mai siber ya ce zai rubuta roƙo a zauren intanet ɗin, ko wani da ya sauke gutsuren zai sake sakawa.

Muka koma gida hannu wofi, muka ce injin bai gama ba. Makonnin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ina tunanin ko gutsuren ya faɗi a teku, ko mai siber ya goge sauran, ko kaka ta riga mu gidan gaskiya kafin ya iso. In ta yi atishawa sai in leƙa. Duk ranar kasuwar Tawa ina bakin hanya ina jiran mota.

Sai da aka yi ruwan shuka, ƙasa na ƙamshi, baba ƙarami ya dawo da kaset a aljihu. Wani mutum da ba mu sani ba, a ƙasar da ba mu sani ba, ya ga roƙon ya sake saka na huɗun. Har yau ina sa shi a addu'a.

Aka taru a zaure da hantsi. Kaka ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gindin aduwa, ta juya mana baya. Ni na matsa da rediyon bakin ƙofa, na ƙara murya. Aka wuce liman, aka wuce dattawa. Da aka zo wurin da muryar ke tsalle, sai baba ya yi tari, ya ce, "A gaida tsohuwa." Iyakarta ke nan, shi ma kunyarsa yake ji.

Na ji kamar in yi kuka. Duk jiran nan a kan kalma uku? Na leƙa waje. Basillar ta tsaya a hannun kaka. Can sai ta dubi wata kaza da ke tsattsaga kusa da ita, ta ce, "Tarin ga bai bar shi ba. Tun shina goye shike yin shi in sanyi ya taso." Ta ci gaba da ɗinki. Washegari na ga ta shanya sassaƙen maganin tari a bisa rumbu, ta ɗaure a tsumma, ta miƙa wa baba ƙarami ba tare da ta ce na wa ne ba.

Yanzu murya na tsallake teku kafin ka ajiye kofin shayi, kuma matata tana kiran ɗan farinmu da sunansa a waya, har ta yi masa faɗa. Ban ce laifi ba ne. Saƙon jiya ya sauko daga baya, cewa ya yi kawai ya isa lafiya. Na saurara har ƙarshe, na sake kunnawa, na kara wayar a kunne, ina sauraren ko yana tari.