Cindo da Akushin Juwairiyya

A shekarar 1996 na fara sanin Cindo, wata ranar Laraba, a bakin tashar Gumel, yana liƙe fasasshen murfin babur da fayiba, zaren nan da ke ƙanƙarewa in an jiƙa shi da gam. Yanzu kwamin shayar da dabbobi yake zubawa da fayiba, makiyaya na zuwa saye har daga Maigatari.

Bara na kai masa akushin marigayiya matata Juwairiyya, wanda gara ta ci gindinsa, don ya fitar mini da irinsa kafin ya ƙarasa lalacewa.

"Baba, itacen ya yi laushi," in ji shi. "In gam ya kama shi, gutsu-gutsu zai fito."

Ya toshe ramukan da yumɓu, ya shafa kaki, ya jira ya bushe, ya goge da tsumma. Sau takwas na ƙirga. Na ce ko sau biyu bai isa ba? Ya ce, "Mai gaggawa da guduma yake raba akushi da mazubi." Sannan ya shimfiɗa zaren fayiba a jikin akushin, ya jiƙa shi da gam don ya zama mazubi.

Washegari ya cusa siririn itace tsakanin akushin da mazubin, ya danna a hankali. Mazubin ya saki, akushin ko ƙwarzane babu. Na leƙa cikin mazubin, sai ga shatin wurin da babban yatsanta ya cinye cikin shekara arba'in.

Ranar da ya miƙo mini sabon akushin, bai ɗago kai ba ya ce, "Da na zo daga Ɗanzomo ban san kowa ba, wata uku Inna Juwairiyya tana zuba mini tuwo a cikin tsohon akushin nan."

Ni ban taɓa sani ba.