Oga Ya Ce a Kwana a Cikin Rafi

Har gobe ba zan manta da ranar da aka turo mana sabon jami'i daga Kaduna ba. Lokacin ina malamin daji a Birnin Gwari, tun dajin bai gagari shiga ba. Za mu duba iyakar gandun daji ne, tafiyar kwana biyu a ƙafa daga wajen Kuyello, kowa da kayansa a baya. A ƙa'ida, kafin a tashi sai an tsayar da wurin kwana da wurin ɗiban ruwa, sannan babba ya sa hannu.

Tun hantsi muka zauna a ofis. Oga ya baje taswira, ya dangwala biro a tsakiyar wani rafi.

"Nan za mu kafa tanti. Yashi ne, ba ƙaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, damina ta faɗi. Ko ba a yi ruwa a kanmu ba, in aka yi a gabas, a tanti zai same mu."

"Malam Haruna, taswira ta nuna busasshe ne."

"Da rani aka zana ta, yallaɓai."

Har azahar muna abu ɗaya. Wai tudun da na nuna akwai ƙarin tafiya, shi kuma da katifa zai tafi. Raina ya ɓaci, na shiga kasuwa na nemo Arɗo Buba, wanda shanunsa ke kiwo a wajen. Arɗo ya saurara, ya ce, "Ni dai ko maraƙi ba na kwantarwa a nan." Oga ya ce ai ba da shanu za mu ba.

Da na gaji, na tura masa takarda. "To rubuta da hannunka cewa na hana, kai ka ce a kwana." Ya juya biro, ya juya, ya ce a tafi tudun, tunda tsoro ya yi mini yawa.

Muka kama hanya, muka kwana a kan tudun. Da gari ya waye muka sauko rafin. Jan ruwa ya cika shi maƙil, yana jan kututture, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Da rahoton Oga ya fito, sai ga shi ya rubuta cewa shi ya hango haɗarin, ya zaɓi tudu.

Kwana uku ina cin abinci ba daɗi. Amma ku sababbin shiga aikin nan, ku riƙe wannan: in babba ya ƙi jin magana, ku bar musu, ku sa ya rubuta. Yabo ya tafi inda ya ga dama, ku dai ku dawo da mutanenku cif yadda kuka fita da su.